Gumbar Sadaka da Ƙafar Mai Tukwane

Surukata ce ta ba ni wannan misali muna tsinkar zogale, ranar da aka ce ciwo ya shigo unguwarmu. Ni dai kaina a sunkuye, amma na riƙe shi.

Ta ce wata damina amai da gudawa ya ɓarke a wani ƙauye. Akwai wata tsohuwa mai ginin tukwane, ba ta da kowa, duk gidan da ta ji an kwanta sai ta ja mayafi ta tafi jinya. Ita ce ɗauke kwano, ita ce ba da ruwa cokali-cokali. To, sai wani manomi mai son lissafi ya zauna gindin tsamiya bayan la'asar, ya tara tsakuwa. Kowane gidan da aka fitar da gawa ya ajiye masa ɗaya, ya ce, "Tsohuwar nan ta shiga?" A ce ta shiga. Har ya gama ba a sami gidan da ƙafarta ba ta taka ba. Ga shi ita ko ciwon kai ba ta yi. Mutane suka ce ai magana ta fito, mayya ce. Ba wanda ya tambaya ko ita ta riga ciwon shiga, ko ciwon ne ya riga ta. Gidajen da ta yi jinya aka tashi kuwa, ba a ajiye musu tsakuwa ba. Aka farfasa tukwanenta, aka raka ta bayan gari da jifa.

Ciwo bai bi ta ba. Don a duk gidan rasuwa, matan da suka wanke zannuwan mamaci su ne ke daka gumbar sadakar uku, su cura da hannu da ruwan randar gidan, gumba kuwa ba ta ganin wuta. A raba wa masu gaisuwa, kowa ya ƙulle ya kai wa yara. Tsohuwar ce kaɗai ba ta taɓa ta, ƙwannafi take sa mata. Manomin nan ma ya dawo daga wata gaisuwa da curi ɗaya a aljihu, ya miƙa wa autarsa. Washegari yarinya ta kwanta, idanu suka zurma. Maƙwabta kowa ya ja ƙofarsa. Ita kuwa sai cewa take, "Baba, a kira mini Iya mai tukwane, ita ta iya ba da ruwa." Yarinya ba ta tashi ba. Ranar sadakar ukunta, a tsakar gidansa aka daka gumba, aka raba wa jama'a.

Sai surukata ta ce, "Kin ji, 'yar nan, ƙirgen nasa daidai ne, tambaya ce ba a yi ba. Shi ne Hausawa ke cewa, an bar jaki ana dukan taiki."