Kwanon da Ya Dawo daga Yaƙin Taurari

Da ƙofar jirgin ta buɗe, tsohon ya rasa inda zai sa idonsa. Shekara arba'in ke nan da ya sa hannu aka ɗauki 'yarsa mai kaifin ƙwaƙwalwa zuwa yaƙin taurari. Ce mata ya yi yawon makaranta ne. A can sama lokaci rarrafe yake yi: shi ya yi furfura, ita ko giɓin haƙorinta bai cike ba.

Sojoji na sara mata, ta ratsa su, ta daɗe tana neman babanta a fuskarsa. Sannan ta miƙa masa kwanon abincin da ya haɗa mata a ranar da aka tafi da ita.

"Baba, na cinye duka, kamar yadda ka ce."