Annabin Cikin Waya

Afiniki ta sami saurayinta Habila a bakin gonarsa ta Auyo, inda ambaliya ta kwantar da shinkafar kaf. Saura mako uku a ɗaura musu aure a coci, amma ya ƙi kallon fuskarta.

"Kwana takwas ba ka ɗauki wayata ba," ta ce. "Me na yi maka?"

Ya ce, "Annabin nan da nake saurara a waya ne ya yi mini addu'a. Ya ce ya ga aljanin ruwa yana bin ki, shi ne ya cinye mini gona."

Ta dubi gonakin maƙwabta, iyakar ganinta ruwa ne. "To maƙwabtanka su Malam Gwadabe fa? Su ma ni za su aura?"

Ya ci gaba da kallon gonar.

"Habila, shekara shida muna durƙusawa tare gaban Allah. Ka taɓa jin na kira wani suna ban da na Yesu?"

Idonsa ya ciko. Ya matso, ta ɗauka hannunta zai kama. Sai ya zaro wata 'yar kwalbar man addu'a daga aljihu, ya yayyafa a ƙasa tsakaninsu, leɓɓansa na motsi. Tsari yake nema daga sharrinta.

Ta zare zoben alkawarinsu, ta ajiye a gabansa.

"Ka gaya wa fasto da bakinka," ta ce. "Ni ba zan iya maimaita wannan magana a ɗakin Allah ba."