Faranti na Biyu a Gidan Doña Herminia

Ubaldo ya ɗaure igiyar takalminsa a tsaye, bai nemi kujera ba, sannan ya kwance ya sake ɗaurewa don daɗi kawai. Wata huɗu ke nan da wani likita a garin Tijuana ya sa masa zoben roba a wuyan tumbi don rage ƙiba, kilo ashirin da ɗaya sun tafi ko sallama babu. Yanzu in ya sunkuya yana ganin yatsun ƙafarsa, har gaishe su yake yi. Murna kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Sai da matarsa Nereida ta janye shi daga gaban madubi, ta ce rawar ta isa, za su makara.

Yau goma ga Mayu, ranar iyaye mata, kuma duk garin Hermosillo babu teburin da ya kai na mahaifiyarsa, Doña Herminia, haɗari ga mai zobe.

Dokar gidan tsohuwa ce: faranti na farko na yunwa ne, na biyu shi ne na ƙauna. Wanda ya tsaya a na farko ya zage ta. Matar wansa Fidencio ta taɓa cewa tana rage ƙiba, sai da ta shekara biyu ba a ajiye mata kujera ba. Ranar da aka yi hirar aikin tumbi a teburin, tsohuwar ta buga ludayi ta ce duk ɗan da ya kai cikinsa aka ɗaure don gudun girkinta, to ya nemi wata uwar. Shi ya sa a saninta taron aiki ne ya kai Ubaldo Tijuana, ramar kuma ta tafiyar safe ce.

Shi kuwa zobe bai san uwa ba. Loma biyar yake karɓa, kowace a tauna ta sau talatin, ba ruwa sai an jima. Ta shida tsayawa take a ƙirji kamar an haɗiyi dutse.

Allah ya taimaki Ubaldo da abu biyu: doguwar shimfiɗar tebur mai jan ƙasa, da Frijol, karen gidan. Kowace Lahadi loma biyar ga Ubaldo, saura ga Frijol, faranti ya koma fes. Karen ya zama kamar matashin kai mai ƙafafu, ko da yake tun ƙarshen bara ya fara kumbura, saboda liƙe wa tsohuwar da yake yi a kicin.

Tsakar gidan ta cika da hayaƙin gasasshen nama. Ga wake, ga tamale, wato alalar masara, ga gurasar tortiya mai faɗin faifai. Doña Herminia ta fito cikin sabuwar riga, ta rungume Ubaldo, awarwaronta suka zame har gwiwar hannu.

"Mama, kin faɗa," in ji shi.

"Ku ne kuke cinye ni da damuwa, ƙatona. Zauna."

Ita ba ta zama a tebur. Cewa take mai girki ƙamshi ke ƙosar da ita. Lemon kwalba ma ta bar shi tun ziyarar da ta kai garin Magdalena a watan Oktoba, wai alwashi ta ɗaukar wa waliyyi. Amma yau ranarta ce, surukanta suka ƙwace ludayin, suka zaunar da ita kusa da autanta Ubaldo, suka tula mata nama.

Faranti na farko ya tafi lafiya. Ubaldo ya tauna biyar ɗinsa, hannunsa na hagu yana ta zirga-zirga ƙarƙashin shimfiɗa, harshen Frijol yana karɓa. Daɗi ya kwashe shi. Ya tashi ya yi wa uwarsa kirari, ya taka rawa da garayar Fidencio, wandonsa ya nemi sulluɓewa, kowa ya kwashe da dariya.

Sai faranti na biyu ya sauka.

Ya yanki tsoka, ya saukar da hannu. Hanci mai sanyi ya taɓa naman, ya shinshina, ya janye. Ubaldo ya ji karen ya zube a ƙasa ya ja dogon numfashi. Frijol, da yake cinye faranti uku ya nemi ƙari, wai yau ya ƙoshi da guda ɗaya!

"Ƙato, yaushe ka koyi kunya?" Fidencio ya ɗaga murya. "Ko naman Mama ya daina yi maka daɗi ne?"

Idon kowa ya dawo kan farantin autan. Ubaldo ya yi dariyar yaƙe, ya jefa loma ta shida. Nan take ta tsaya. Yawu ya cika masa baki, gumi ya karyo masa, Nereida ta taka masa ƙafa. Tsoro ya kama shi sosai, don in lomar ta dawo a gaban jama'a, asiri ya tonu, kujerarsa ta bi ta matar Fidencio.

Ya ƙara zura hannu, yana lalube, yana roƙon karen a zuci. Ya taɓa ƙafar tebur. Ya taɓa kunne. Can kusa da bakin karen ya ci karo da wasu yatsu masu maiƙo, riƙe da tsokar da ta fi tasa girma, su ma suna lallashi. Awarwaro suka yi ƙara.

Ubaldo ya ɗago a hankali. Doña Herminia tana ta yi wa mai garaya murmushi, tana kaɗa kai, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta gefen baki ta yi maganar.

"Janye hannunka, ƙatona, na riga ka. Karen nan tun Oktoba yake yi mini aiki, kuma ranar Talata likitan Tijuana zai ƙara matse mini nawa zoben."