Lambar Tana Hammatata

Na fito daga babban kanti da buhun garin masara a kafaɗa, lambar motata a hammata, na tarar da gurbin a-kori-kurata wayam. Sai ɗigon baƙin mai a ƙasa.

Na zaga filin, na sake zagawa. Ni da girgizar ƙasa ta kife gida a kaina a birnin Meziko na fito ina karkaɗe hula, yau ga ni ina leƙa ƙarƙashin motocin mutane. Da motar nan nake kai lemo kasuwa, ita ce cina da shana.

Ban yi boko ba, amma na fi kyamarar filin nan wayo. Lamba take karantawa, a aiko maka da takardar biyan kuɗin ajiye mota har gida. Ni kuwa tun daga kwanar shiga filin nake kwance lambar tawa.

"Tsoho, doka ta hana fa," mai gadin filin yakan ce.

"To doka ta zo ta karanta goshina."

Na same shi a rumfarsa yana cin wake.

"Ɗana, duba na'urarka. Wa ya fita da motata?"

Ya lallatsa, ya goge baki. "Tsoho, na'ura ta ce motarka ba ta taɓa shigowa nan ba. Ɓarawon ma godiya yake maka, ka rage masa aiki."

A bas na koma gida, lambar a kan cinyata. Wanda duk ya kalle ni sai in ɗaga masa ita, in ce ko peso ɗaya masu filin ba su taɓa ci a hannuna ba.