Abin da Sada Ya Sha Bayan Rasuwarsa

Ina cikin goge tagar ɗakin hoto takardar Zariya ta iso, wai mijina Sada ya sha hasken injin hoto fiye da kima. Wata takwas ke nan da binne shi.

Shekara goma sha ɗaya Sada yana ɗaukar hoton ƙirji da ƙashi a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Ikara. Ni ce mai shara da wanki, har da koriyar rigar da ake sa wa masu jinya. Kullum akwai wani ɗan baƙin abu maƙale a aljihunsa, bai kai kwalin ashana ba. Na taɓa tambayarsa, ya ce, "Suwaiba, duk hasken da ya nufo ni, wannan ke sha." Duk wata uku ake kai shi Zariya a auna, a kawo sabo.

Motar rake ce ta buge shi a hanyar Makarfi. Ba wanda ya tuna ya goge sunansa, sai sabo ya ci gaba da zuwa, likita yana jefa shi a durowa. Da na fita takaba na koma bakin aiki. Ba ni da abin gina masa rijiya, amma na yi masa abin da na iya.

Ranar Talata wata ma'aikaciya, Hajiya Khairat, ta zo daga Zariya da na'ura mai ƙyas-ƙyas. Ta ce miligire ake kiran mudun da ake auna abin da jiki ya sha. Sada yana raye bai taɓa cika ɗaya ba. Da ya mutu, ya sha ɗari da hamsin.

Ta buga lissafi a waya. "Likita, sai wanda ya tsaya gaban injin nan sau ɗari shida."

"Hajiya, mutumin nan ni na ɗauki makararsa."

"To ko ka nuna mini ta inda hasken ke yoyo, ko in garƙame ɗakin nan kafin la'asar."

Ɗakin Sada ne. In an rufe, mai karaya daga Kurmin Kogi sai ya sha gargadar mota har Zariya.

Ta auna bango, ta auna ƙofa, ta auna durowa, ta auna har butar alwala. Shiru. Likita yana gumi yana kawo ƙara, wai har fim ɗin bana ba shi da kyau, hoton kowa sai ya fito da ɗan tabo mai kusurwa huɗu a gefen haƙarƙari.

Ta ce a kawo ɗan baƙin abin Sada na wannan zangon. Aka ja durowa, wayam.

Muktar, wanda ya gaji aikin, ya yi salati. "Na rantse da safe ina jin ƙamshin turarensa! Marigayi bai bar aiki ba!" Ya fice ba takalmi. Kafin azahar, masu shayi sun ce an ga Sada yana sa hannu a littafin zuwa aiki.

Ba wanda ya tambayi mai tsintsiya.

Da ta ciro kwado daga jaka, na matsa na durƙusa. "Ranki ya daɗe, abin nan da yake sha, ai mutum yake rage wa, ko?"

"A'a, Inna. Ba ya tare komai. Aunawa kawai yake yi."

"Ko kaɗan?"

"Ko ƙwayar gero."

Na share ido da bakin mayafi, na ce ta ajiye kwadon, a miƙo mini reza da koriyar rigar, don a cikinta na ɗinke abin, kuma ɗinkin sadakar Sada na yi shi da ƙarfi.