Littafi Mai Auki

Tunda kin ce za ki sayo wa yara littafi, zauna in ba ki misali kafin ki fita.

An yi wani ɗan kasuwar hatsi da Allah ya ba 'ya mai tambayar tsiya. Me ya sa randa ke zufa? Ina tsawa take kwana da rani? Da ya gaji da cewa ban sani ba, sai ya ce bari ya sayo mata littafin kimiyya ya huta. A rumfar mai littattafai, yadda ya saba yi wa dawa haka ya yi: ya ɗaga wannan, ya jinjina wancan, ya ɗauki wanda ya fi rinjayar hannu, wai shi ne mai auki. Turanci ne cunkus, ko hoton kara babu. Aka naɗe shi a leda, aka ɗora saman kabad kusa da kwanukan jere, ya kafa doka kar wanda ya taɓa sai da wankakken hannu. Tun daga ranar, in yarinya ta buɗe baki sai ya nuna mata sama, ya ce ai amsar tana ciki. A hankali bakin ya mutu.

Uwarsa tsohuwa ko bihim ba ta sani ba a boko, amma ta san shirun yaro ba lafiya ba ne. Jikar da ke hana ta gyangyaɗin rana yanzu sai zama da zane-zane a ƙasa. Abin ya ci mata rai. Ta yafa mayafi, ta ja yarinyar har rumfar, ta zauna daram a benci, ta ce a karanta su ji, ita ko daddawa ba ta saye sai ta shinshina. Mai rumfa ya ce, "Iya, nan fa ba makaranta ba ce." Ta ce, "Ni ma ba ɗalibarka ba ce, ɗan nan. Karanta." Yana karatu, ita fuskar jikarta take kallo. Littafi na farko, yarinya na kallon masu wucewa. Na biyu, hamma. Na uku wani ɗan siriri ne da Hausa, mai hotunan ƙwari. Bai kai ƙarshen shafi ba yarinya ta dafe masa hannu, ta ce to su ta ina suke numfashi? Tsohuwa ta ce a ba su shi, kuma kar a sa masa leda.

Kafin a ce me, gida ya cika da kwalabe, wannan da fara, wancan da buzuzu, littafi ya sha miya har da shatin yatsu. Maigida ya fusata, ya ce zai ƙwace, abin da ko fifita ba zai yi ba ya mai da masa gida juji. Tsohuwa ta ja littafin ta danne da gwiwa. Ta ce, "Kai ma haka kake da tambaya, ina gani aka kashe maka baki da tsawa, na yi shiru. Wannan karon ba zan yi ba. Naka yana sama, je ka yi ta gaishe shi."

Ana cikin haka yarinya ta ce, "Baba, buhun waken da ka ɗinke da hannunka, ta ina ƙwari suka shiga?" Ya buɗe baki zai daka tsawa, ya ga idon uwarsa a kansa, ya haɗiye. Shekara da shekaru yana asarar wake, bai taɓa tambayar kansa ba. Sai ya tattare riga ya tsuguna, ya ce to karanto mu ji. Ta bi layi da yatsa tana haɗa baƙi, ashe ƙwan ƙwarin tun daga gona yake biyo waken.

Don haka ki tafi da yaran, kar ki saya sai kin ga idonsu ya kawo wuta, kowa zai yi magana ya yi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.