Hotunan Baba Reshe-Reshe

Yaya ya ture kwalaben magani da bayan hannu, ya buɗe kwamfutar Baba a kan teburin. Gobe dangi za su taru kafin kowa ya kama gabansa, kuma ya rantse sai ya haska musu hotuna a bangon falo. Ranar rasuwar Baba, a gaban surukai, Auta ya dube shi ya ce, "Yaya, mu da muka zauna da shi, mu muka san shi." Maganar nan ta tsaya masa a wuya.

Wai Auta! Makaniken da baƙin mai bai taɓa barin farcensa ba. Shi Yaya kuwa, in ya shigo, Baba har miƙewa yake yi ya bar masa kujerarsa, ya ce, "Yallaɓai, sannu da hanya." Wane ɗa ne a gidan ya taɓa samun haka? Ko sau ɗaya ya leƙo a shekara, sai tsohon ya sa an ɗauke su hoto tare kafin ya tafi. Hotunan nan su za su rufe bakin kowa.

Bayan ritaya ne Baba ya koyi manhajar tsara hotuna. Kowane hoto da lakabinsa, lakaban kuma reshe-reshe, babba a sama, ƙanana a ƙarƙashinsa. In ka latsa babban, duk na cikinsa su fito. Yaya ya latsa "Gida" ya taɓe baki: "Ƙofar shiga", "Banɗaki", "Kujerata". Wa ke ɗaukar hoton banɗakinsa har ya raɗa masa suna, in ba wanda zaman banza ya yi wa yawa ba? Ga durowoyin ɗakin ma duk an lilliƙa musu takardu, "safa", "cokula". Wannan kam iya-yin matar Auta ne.

Ya buɗe "Iyali", ya shiga "'Ya'yana". Ga ƙannensa mata biyu. Ga Auta, har da rassa uku a ƙarƙashinsa, matarsa da yaransa da wannan ƙazamin garejin. Nasa lakabin, "Babba", tsofaffin hotuna ne zalla, na ƙarshensu yana sanye da kayan makaranta, kunnuwa fato-fato. Babu ko ɗaya na girmansa.

Ransa ya ɓaci. Ya ƙwala wa Auta kira.

"Kai ka kwashe hotunana daga nan?"

Auta ya tsaya a bakin ƙofa yana goge hannu da tsumma. "Ban taɓa ba, Yaya. Da hannunsa ya tsara komai. Don Allah ka bar shi yadda yake."

"Ɓace min da gani."

Hassada ce, ba wani abu ba. Yaya ya ƙirƙiri sabon lakabi, "Magajina", ya ja shi can saman kowa, ya jawo Auta da garejinsa ƙarƙashinsa. Sai ya shiga share tarkace, ko nasa hotunan sa ɓullo. Ya goge "Tsirrai". Ya goge "Masu ba ni magani". Ya iso kan "Baƙi", inda tsohon ya tara mai gyaran famfo da mai kawo gas kamar wasu manyan mutane, ya danna gogewa.

Manhajar ta tsaya ta tambaye shi: akwai wani reshe a ciki, a haɗa da shi? Ya yi tsaki ya buɗe.

Fuskarsa ce ta cika allon. Ga shi cikin kwat, hannunsa a kafaɗar Baba. Ga shi zaune a kujerar, tsohon na tsaye gefe yana murmushin ladabi. Duk suna nan, ba a taɓa ko ɗaya ba. Yaya ya yi dariya har da buga tebur. Ashe ma wuri na musamman aka ware masa!

Ya ɗaga ido saman allon don ya ga sunan da Baba ya ba wurin. A ƙarƙashin "Baƙi" an rubuta "Mai babbar mota", a ƙarƙashinsa kuma, "A tambayi Auta ko wane ne."